Yadda Ake Binciken Ma'ana, Asali da Yaɗuwar Sunan Ɗa Namiji da Ba Kasafai Ake Jin Sa Ba

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa, kowa da sigar da yake kawo ta. Wani ya ji suna a bakin mai wa'azi, wata ta gan shi a littafi ko a intanet, ya kwanta musu a rai, suna so su sa wa ɗansu, amma ba su san kowa mai irin sunan ba. Me yake nufi? Daga wane harshe ya fito? Da gaske ba shi da yawa, ko dai mu ne ba mu saba jin sa ba?

Abin da akasari ake yi shi ne a buga sunan a Google, a karanta layin farko da ya fito, a ce an gama. Wannan yana damuna ƙwarai, domin shafukan sunayen jarirai da yawa kwafar juna suke yi, kuma suna son ba kowane suna ma'ana mai daɗin ji ko da babu hujja. Yaron kuwa shi zai amsa sunan har tsufansa. Suna linzami ne, bai kamata a karɓo shi daga bakin wanda bai san harshen ba.

Tambayoyin nan uku kowace da irin hujjarta. Ma'ana ana samun ta a ƙamus. Asali ana bin sawunsa a littattafan tarihin mutane. Yaɗuwa kuma sai da alƙaluman rajistar haihuwa. Wanda ya haɗa su wuri guda ya nemi amsarsu a shafi ɗaya, shi ne yake ɓata. Zan ɗauki sunan Uwais in bi matakan da shi, in kawo wasu sunayen a inda suka fi fito da gargaɗin.

Abin da za ka tanada

Waya ko kwamfuta mai intanet, littafin rubutu da biro, da mutum uku da suka tashi da harshen da kake zaton sunan ya fito daga cikinsa. Kwamfuta ta fi sauƙi a mataki na 7, saboda za a buɗe manyan fayiloli. Kusan duk kayan aikin kyauta ne, data kawai za ka kashe. Kuɗi yana shigowa ne idan ka zaɓi sayen bugaggen ƙamus, ko ka shiga shafukan binciken salsala masu biyan kuɗi duk wata, kuma ba ka buƙatar na biyun don wannan aikin. Lokaci kuwa, yammaci ɗaya ya isa ga sunan da yake cikin ƙamus. Wanda asalinsa ke da ruɗani zai iya cin mako guda, saboda jiran amsar mutane. Ka fara tun kafin haihuwa.

1. Rubuta inda ka ji sunan da duk yadda ake rubuta shi

A shafin farko na littafinka, rubuta sunan kamar yadda ka ji shi, wa ya faɗa, a ina, kuma mai sunan ɗan wace ƙasa ne. Wannan ɗan bayanin shi ne kan zaren, domin suna ɗaya a kunne yana iya zama sunaye biyu ko uku daga harsuna dabam-dabam.

Sai ka jero duk hanyoyin da ake rubuta shi da boko. Uwais kaɗai za ka same shi a matsayin Uways, Uwais, Owais, Awais, Oveis, Üveys, bakin Bahaushe kuma ya ce Uwaisu. Ka canza wasula, ka ninka baƙi, ka gwada i a wurin y. Idan ka buga kowanne a akwatin bincike na Wikipedia ko Facebook, wasu sigogin za su fito da kansu.

Gargaɗi: kada ka tsallake wannan matakin don ya yi maka kama da wasa. Duk binciken da za ka yi a gaba, musamman na alƙaluma, ya dogara ga cikar wannan jerin.

2. Nemo sunan da haruffan harshensa na asali

Muddin sunan yana rubuce da boko kawai, ba ka riga ka gan shi ba. Haruffan boko suna haɗiye bambance-bambancen da ma'ana take rataye a kansu. Dubi Larabci. Amir na iya zama أمير, wato shugaba, ko عامر, daga tushen raya wuri da cika shi. Salim na iya zama سالم ko سليم. Mafi hatsari shi ne irin Hamid: حامد mai yabo ne da godiya, هامد kuwa abu ne da ya bushe ya mutu. A boko duk rubutu ɗaya ne.

Hanya mafi sauri ita ce ka nemi shafin Wikipedia na wani sananne mai sunan, domin a layin farko akan rubuta sunansa da haruffan harshensa. Ko ka canza harshen shafin zuwa Larabci, Ibrananci, Girkanci, Hindi ko wanda ya dace, ka kwafo sunan daga kanun shafin. Na Uwais zai ba ka أويس. Shafin Behind the Name, wanda yake aiki tun 1996, shi ma yana nuna rubutun asali, kuma ya fi yawancin takwarorinsa taka-tsantsan.

Gargaɗi: a Behind the Name akwai sashen da masu ziyara suke shigar da sunaye da kansu. Sunayen da ba su da yawa galibi a can suke faɗawa, kuma ba a tantance su kamar na babban sashen ba. Ka duba a wane sashe kake kafin ka kwafi komai.

Gargaɗi na biyu: idan ka tambayi manhajar hira ta ƙirƙirarriyar basira, za ta amsa maka da cikakken ƙarfin hali ko ta sani ko ba ta sani ba. Ka ɗauki amsarta a matsayin nuni ga inda za ka duba. Kada ka rubuta ta a matsayin hujja.

3. Warware kalmar ka kai ta ƙamus

Nan ne zuciyar aikin, kuma a nan nake so ka fi daɗewa.

Idan sunan na Larabci ne, sai ka fitar da tushensa, wanda galibi baƙaƙe uku ne, domin manyan ƙamusoshin Larabci bisa tushe aka jera su. Cire ƙarin da aka yi wa kalmar, ka dubi ma'auninta. Uwais yana kan ma'aunin fu'ail, wanda Larabawa suke amfani da shi wajen ƙanƙanta abu ko nuna ƙauna gare shi. Haka Hasan ya ba da Husain, Sahl ya ba da Suhail, jund ya ba da Junaid. Saboda haka Uwais ƙanƙantarwar Aus ne, tushensa أ و س, sunan da ɗaya daga cikin manyan ƙabilun Madina biyu take amsawa, ita da Khazraj.

Yanzu buɗe Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311. Yana nan kyauta a Maktaba Shamila, taskar littattafan Larabci ta intanet, da shafukan ƙamus irin su Almaany. A ƙarƙashin tushen za ka tarar da ma'ana biyu: aus kyauta ce ko abin da aka bayar a madadin wani abu, kuma aus kyarkeci ne, har ma ana kiran kyarkeci da uwais kai tsaye. Ka rubuta duka biyun. Mutane da yawa suna ɗaukar ta farko su ɓoye ta biyu, ni kuwa ban ga dalilin ɓoyewa ba. Larabawan da suna sa wa 'ya'yansu maza sunayen namun daji don nuna jarumta, Asad da Fahad da Usama duk daga nan suke. Gara uba ya sani tun yau da a ce wani ne zai faɗa wa yaron a makaranta bayan shekara goma.

Idan ba ka karanta Larabci sosai, ƙamus ɗin Hans Wehr na Larabci zuwa Turanci zai taimaka, shi ma bisa tushe aka jera shi. Sai dai na Larabcin zamani ne, tsofaffin sunaye da yawa ba sa ciki. Akwai kuma Kitabul Ishtiƙaƙ na Ibn Duraid, wanda ya rasu a 933, littafi ne da aka rubuta shi musamman don bayanin inda sunayen Larabawa da ƙabilunsu suka samo tushe. Ga tsohon suna da ya gagara, can za ka nufa, ko ka roƙi wani malamin Larabci ya duba maka.

Sunayen Turai kuma sau da yawa haɗin kalma biyu ne. Anselm, alal misali, daga tsohon Jamusanci yake: ans, abin bauta, da helm, hular kwano ta yaƙi, wato kariya. Wasu kuma sunayen dangi ne da aka mayar na yanka, kuma su ne suka fi ba da mamaki. Calvin ya samo asali daga kalmar da ke nufin mai sanƙo. Cameron a harshen Gelik na Sikotlan yana nufin mai karkataccen hanci. Ga irin waɗannan, ƙamus ɗin sunaye na Oxford da Patrick Hanks da Flavia Hodges suka fitar a 1990 abin dogara ne, kuma ƙamus ɗin intanet na Wiktionary yana bin kalma zuwa tsohuwar sigarta kyauta.

Gargaɗi: ma'anar da ta yi tsawo kuma ta cika daɗi, irin su “kyautar Allah mai haskaka zuciyar iyaye”, abar zargi ce. Kalma ɗaya mai baƙi uku ba ta ɗaukar wannan kaya. Ma'anar gaske gajera ce, wani lokacin ma ba ta da armashi.

Gargaɗi: kamannin sauti ba dangantaka ba ce. Kalmar “Kai” sunan namiji ne a arewacin Turai, a harshen Hawai kuma kalma ce mai nufin teku, kuma babu abin da ya haɗa su da juna balle da kai na Hausa. Idan shafi ya jero maka asali biyar ga suna ɗaya, to sunaye biyar ne suka yi karo a rubutu. Koma ga abin da ka rubuta a mataki na 1 ka ga wanne ne naka.

Gargaɗi: duk abin da aka rubuta game da lambar sa'a, launin sa'a ko halin da mai sunan zai tashi da shi, ka wuce shi. Babu ƙamus ɗin da ya san wannan.

4. Bi sawun waɗanda suka amsa sunan

Ƙamus ya gaya maka abin da kalmar take nufi. Bai gaya maka yadda ta zama sunan mutum ba, ko dalilin da ya sa ta tsallaka ƙasashe. Wannan sai ka nemi mafi daɗewar wanda aka sani da sunan, sannan ka gangaro.

Uwais ya yaɗu ne saboda mutum ɗaya, Uwais al-Ƙarani, mutumin Yaman daga Ƙaran, reshen ƙabilar Murad. Ya rayu a zamanin Annabi (SAW) amma bai haɗu da shi ba, don haka ana lissafa shi cikin tabi'ai, kuma hadisin falalarsa yana cikin Sahih Muslim. Tarihinsa yana cikin Siyaru A'alamin Nubala na Zahabi. Daga nan za ka ga sunan a kan Shaikh Uwais na daular Jalayir, wanda ya mulki Iraƙi da Azarbaijan daga 1356 zuwa 1374, sannan a kan Shaikh Uwais al-Barawi, malamin Ƙadiriyya na Somaliya da ya rasu a 1909. A Turkiyya ana kiran al-Ƙarani da Veysel Karani, kuma daga nan Veysel ya zama suna mai zaman kansa. A Pakistan da Indiya Owais da Awais ake rubutawa. Ka lura da abin da wannan jerin ya koya maka: sunan da kake gani baƙo, a wata ƙasar gama-gari ne.

Idan an ce maka sunan na sahabi ne, duba shi a Al-Isaba na Ibn Hajar al-Asƙalani, littafin tarihin sahabbai, an jera sunayen bisa haruffa. Idan babu shi a can, ka nemi wanda ya faɗa ya nuna maka inda ya gani.

Wasu sunayen kuma ba su da tsohon tarihi ko kaɗan. Cedric marubucin Sikotlan Walter Scott ne ya fito da shi a wani littafin labari a ƙarshen 1819, ana kyautata zaton ya juya tsohon sunan Cerdic ne. Wannan ba aibi ba ne, amma amsar gaskiya game da asalin sunan ke nan, ba wata ma'ana da aka laƙaba masa daga baya ba.

Gargaɗi: ka nemi munanan takwarori kamar yadda kake neman nagari. Buga sunan tare da sunan mahaifi ko na dangin da yaron zai ɗauka, ka duba sashen labarai. Suna mai yawa yana ɓoye mai shi a cikin jama'a. Suna marar yawa kuwa mutum ɗaya ya isa ya cika shafin farko na sakamakon bincike.

5. Tantance maganar “yana cikin Alƙur'ani” ko “yana cikin Littafi Mai Tsarki”

Wannan da'awa tana da sauƙin dubawa, amma kaɗan ne suke dubawa. Kwafi sunan da haruffan Larabci ka saka a akwatin bincike na kowace manhajar Alƙur'ani, ko ka duba tushen a Mu'ujamul Mufahras na Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, littafin da ya jera kalmomin Alƙur'ani da ayoyin da suka zo a ciki. Rayyan, wanda ake yawan cewa yana cikin Alƙur'ani, a hadisi ya zo, sunan ƙofar Aljanna ta masu azumi a Bukhari da Muslim. Ayyan yana cikin Alƙur'ani, amma kalmar tambaya ce mai nufin “yaushe”, kamar a aya ta 42 ta Suratun Nazi'at.

Gargaɗi: kasancewar kalma a cikin littafi mai tsarki ba ta mayar da ita suna mai kyau. Zanim yana cikin Suratul Ƙalam aya ta 13, kuma zargi ne mai tsanani. A Littafi Mai Tsarki, Ikabod na 1 Sama'ila 4:21 an sa masa sunan ne don a ce ɗaukaka ta rabu da Isra'ila, Yabez na 1 Tarihi 4:9 kuma don mahaifiyarsa ta haife shi da wahala. Karanta ayar gaba ɗaya, da ta gabanta da ta bayanta.

6. Tambayi masu harshen

Akwai abin da littafi ba zai gaya maka ba: yadda sunan yake sauka a kunnen masu shi a yau. Nemi aƙalla mutum uku, dattijo ɗaya, matashi ɗaya, mace ɗaya, kuma ka tambaye su dabam-dabam.

Yadda ka yi tambayar shi ne komai. Idan ka ce “an ce yana nufin kyauta, haka ne?”, mai kunya zai ce maka haka ne don kada ya ɓata maka rai, balle idan ya gane ɗanka za ka sa wa. Ka nuna rubutun kawai ka ce: “Malam, idan ka ji wannan sunan, me yake fara zuwa maka?” Sannan ka bi da waɗannan. Na maza ne ko na mata? Na tsofaffi ne ko na yara? Yana nuna wata ƙabila, aƙida ko wani matsayi a cikin al'umma? Yaya ake gajarta shi? Da me yara za su tsokani mai shi? Roƙe shi ya furta sunan ka ɗauka a waya.

Gargaɗi: jinsin suna yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Andrea sunan namiji ne a Italiya, na mace ne a Jamus da Ingila. Nikita namiji ne a Rasha, mace ce a Indiya.

7. Auna yaɗuwarsa da alƙaluma

Da farko ka san abin da kake nema, domin abu uku ne ake cakuɗawa: matsayin suna a jeri, adadin jariran da aka sa wa shi a shekara, da kasonsu cikin dukan yara mazan da aka haifa a shekarar. Ga suna marar yawa, adadi da kaso ne suke da amfani. Matsayi yana yaudara, domin a ƙasan jeri ɗaruruwan sunaye suna da adadi iri ɗaya, ƙarin yara biyu kawai sai ya ɗaga suna sama da matakai masu yawa.

Ƙasashe kaɗan ne suke wallafa cikakken jeri, kuma duk kyauta ne.

Amurka. Hukumar SSA, mai kula da fansho da tallafin jama'a, tana da alƙaluma tun daga 1880, tana fitar da na sabuwar shekara a watan Mayu. Akwatin binciken da ke fuskar shafin, ssa.gov/oact/babynames, sunaye 1,000 na sama kawai yake nunawa, saboda haka sunanka ba zai fito a can ba, kuma a nan mutane suke tsayawa su ce babu shi. Nemi mahaɗar da aka rubuta wa Beyond the Top 1000 Names, ka sauke fayil ɗin ƙasa baki ɗaya. A dunƙule yake zuwa, idan ka warware shi za ka ga fayil guda ga kowace shekara, irin su yob2023.txt. Kowane layi yana da suna, jinsi, da adadi. Buɗe shi, danna Ctrl da F, buga sigar farko daga jerinka, ka tabbata layin da ka samu mai harafin M ne, wato namiji. Rubuta adadin. Maimaita da kowace siga, sannan ka koma baya shekara biyar, goma, ashirin.

Gargaɗi: SSA ba ta saka sunan da aka ba yara ƙasa da 5 a shekara, don kare sirrin iyalai. Rashin ganin suna yana nufin tsakanin sifili da 4, ba lallai sifili ba. Kuma alƙaluman kafin 1937 suna da giɓi, domin da yawa daga waɗanda aka haifa kafin lokacin ba su taɓa neman katin hukumar ba.

Ingila da Wales. Hukumar ƙididdiga ta ONS tana da cikakken jeri tun daga 1996 a fayil ɗin Excel, kuma tana cire sunan da bai kai yara 3 ba. Ga sunayen Musulmi wannan jerin ya fi na Amurka amfani, domin kasonsu a cikin masu haihuwa ya fi girma a can.

Faransa. Hukumar ƙididdiga ta INSEE tana da nata tun daga 1900, har da rabe-raben yankuna. Sunayen da suka yi ƙaranci sosai takan tara su ƙarƙashin layi ɗaya na sunaye marasa yawa.

Gargaɗi mafi muhimmanci a wannan matakin: SSA da ONS suna ƙirga kowace sigar rubutu a matsayin suna dabam. A Ingila da Wales a 2023, Muhammad ne na ɗaya a sunayen maza, Mohammed na 28, Mohammad kuma na 68, alhali suna ɗaya ne. Idan haka ta faru da mafi shaharar suna, to marar yawa da aka raba gida shida zai iya ɓacewa gaba ɗaya, kowace siga ta faɗi ƙasa da iyakar da ake wallafawa. Sai ka haɗa adadin Uwais da Uways da Owais da Awais kafin ka yanke hukunci.

Lissafin kason ba wuya. Ana haifar yara wajen miliyan 3.6 a Amurka a shekara a 'yan shekarun nan, kusan rabi maza. A ce, don misali kawai, jimillar sigoginka ta ba da 18 cikin yara maza 1,800,000. Raba babban da ƙaramin, ka sami ɗaya cikin 100,000. Yi haka ga kowace shekarar da ka duba, ka jera su a layi. Abin da kake nema shi ne alkiblar layin: yana hawa, yana sauka, ko yana tsaye. Daga 6 zuwa 12 a shekara ɗaya ba tashe ba ne, ƙananan lambobi haka suke tsalle. Amma idan ya yi shekara biyar yana hawa ba sauka, to ana gab da yayinsa, kuma yaron zai iya samun takwarori a ajinsa.

Ga ƙasashen da ba sa wallafa irin wannan jeri, wanda su ne mafi yawa a duniya, kimantawa kawai za ka iya yi. Buga sunan a Facebook ka taƙaita binciken ga ƙasa ko birni. Duba jerin sunayen ɗaliban da jami'o'i suke wallafawa na waɗanda suka kammala karatu. Tambayi malamin firamare ko ma'aikaciyar jinya ta ɗakin haihuwa sau nawa suka ci karo da sunan, domin su ne suke ganin sunayen yara tun kafin kowa. Shafin Forebears yana ba da adadi ga kowace ƙasa, amma hasashe ne daga bayanan da ya tattaro, ba rajista ba.

Gargaɗi: Google Trends yana auna yawan masu binciken kalma ne tun daga 2004, ba yawan jarirai ba. Ɗan ƙwallo ɗaya ya ci wasa, layin sai ya harba sama. Kuma alƙaluman Amurka na Amurka ne. Shafin da ya ce maka suna “na 9,000 a duniya” galibi jerin SSA ya kwafa ya canza masa kanu.

8. Gwada shi a baki da kan takarda

Kira sunan da ƙarfi tare da sunan mahaifi, kamar kana kiran yaro daga nesa. Ba wa mutum uku shi a rubuce su karanta, sannan ka faɗa wa wasu uku su rubuta. Idan kowa ya kawo nasa, haka yaron zai yi ta gyara wa mutane. Zaɓi siga ɗaya ta rubutu yanzu, ka riƙe ta a takardar haihuwa, ta makaranta da fasfo, domin bambancin harafi ɗaya tsakanin takardu yana jawo wahala mai tsawo. Layukan da na'ura take karantawa a ƙasan fasfo manyan haruffan A zuwa Z kawai suke ɗauka, babu ɗigo ko ƙugiya, kuma gurbi 39 ne kacal ga dukan sunayen mutum.

Gargaɗi: duba dokar ƙasar da za a yi rajistar. Aisland tana da kwamitin da yake amincewa da sababbin sunaye tun 1991. New Zealand tana ƙin sunayen da suka yi kama da muƙami, irin su King da Justice. A Faransa jami'in rajista yana iya kai suna gaban mai gabatar da ƙara idan ya ga zai cutar da yaro. Wa'adin yin rajistar haihuwa ma ya bambanta: kwana 5 a Faransa, kwana 42 a Ingila da Wales.

9. Rubuta sakamakon a gida uku

Ɗauki sabon shafi ka raba shi uku: abin da ya tabbata, abin da mai yiwuwa ne, da abin da ka ji amma ba ka sami hujjarsa ba. Ƙa'idar shiga gidan farko ita ce majiya biyu da ba su kwafi juna ba, ɗaya daga cikinsu ƙamus ko littafin tarihi. Shafuka goma masu jimla iri ɗaya, har da kuskuren rubutu iri ɗaya, majiya ɗaya ce. Kusa da kowane batu rubuta sunan littafin, tushen da ka duba ko sunan fayil ɗin da shekararsa.

Na Uwais zai kasance kamar haka. A gidan farko: Larabci ne, أويس, ƙanƙantarwar Aus, ƙamus ya ba da kyauta da kuma kyarkeci, ya shahara ta hanyar Uwais al-Ƙarani na Yaman, sai adadin da ka samu a kowace ƙasa da shekararsa. A gida na biyu: wace daga ma'anonin biyu iyayen al-Ƙarani suka nufa. A gida na uku: duk wata ma'ana da ka gani a intanet wadda ƙamus bai san da ita ba.

Idan ka gama gidan ma'ana ya zauna babu komai, hakan yana faruwa, musamman da tsofaffin sunaye da harshensu ya mutu da kuma sababbin da aka ƙirƙira. Abin da ya rage a hannunka shi ne tabbacin cewa kalmar ba ta da mummunar ma'ana a harsunan da yaron zai rayu a cikinsu, wanda matakai na 6 da na 8 suka ba ka, da tarihin waɗanda suka amsa sunan kafin shi. Kai wa mahaifiyar yaron shafin ku karanta gidajen uku tare kafin ku tsayar da shawara, sannan ka ɗauki hotonsa ka adana tare da takardar haihuwa.